Biskit ɗin Kare Marar Hatsi a Gida: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wata mai karatu ta rubuto cewa: "Na lura kayan ƙwalamar karnuka da aka rubuta musu ‘babu hatsi’ sun fi sauran tsada, kuma ina tunanin in riƙa gasa wa karena nawa a gida. Shin da gaske hatsi yana cutar da kare?"

Malama, ga mafi yawan karnuka amsar ita ce a'a. Masu tallar wannan abinci sukan kafa hujja da cewa kare daga kyarkeci ya samo asali, kuma kyarkeci ba ya cin alkama ko masara. To amma kare ya daɗe da rabuwa da kakansa ta wannan fuska. Wani bincike da masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka wallafa a mujallar Nature a shekarar 2013 ya nuna cewa karnuka suna da kwafi masu yawa na ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin narka sitaci, daga 4 har zuwa 30, alhali kyarkeci yana da 2 kacal. Dubban shekarun da kare ya yi yana cin ragowar abincin mutane sun sauya masa ciki, har ya zama dafaffiyar shinkafa ko masara ba ta gagararsa.

Akwai karnukan da hatsi yake damunsu, amma ba su da yawa. Idan aka duba karnukan da aka tabbatar suna da aleji na abinci, naman sa ne ya fi jawo shi, sai madara da dangoginta, sai kaza, sannan alkama ta biyo baya. An kuma san wasu jinsuna biyu da ke da matsala da gulutin, wato sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo: wasu zuriyoyin Irish Setter da yake lalata musu hanji, da wasu Border Terrier da yake sa musu murɗewar jiki. Idan karenki ba ya cikin waɗannan, kuma likitan dabbobi bai ce a janye masa hatsi ba, cire shi daga biskit ba zai ƙara masa lafiya ba. Duk da haka ba zan hana ki gasawa a gida ba, domin amfanin da ke ciki na gaske ne: za ki san duk abin da ya shiga bakin karenki, za ki iya rage kitse da gishiri, kuma ke ce za ki yanke girman kowane guda.

Wani mai karatu kuma ya ce: "Na ji an ce abincin da babu hatsi yana jawo wa karnuka ciwon zuciya. Idan haka ne, ba ganganci ba ne in gasa irinsa da hannuna?"

Malam, maganar tana da tushe, kuma gara ka ji yadda take dalla-dalla. A watan Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa tana binciken rahotannin wani ciwon zuciya da ake kira DCM a taƙaice, wanda ɗakunan zuciya suke buɗewa, naman bangonsu ya yi laushi, har zuciyar ta kasa tura jini yadda ya kamata. An daɗe da sanin ciwon a manyan jinsuna irin su Doberman da Great Dane, inda gadonsa ake yi. Abin da ya ja hankali shi ne bayyanarsa a jinsunan da ba a saba ganinsa a cikinsu ba. A rahoton da hukumar ta fitar a watan Yunin 2019, fiye da kashi 90 cikin 100 na abincin da aka ambata a ƙorafe-ƙorafen marasa hatsi ne, kuma kashi 93 cikin 100 suna ɗauke da koren waken da ake kira fis, ko ƙananan waken da ake kira adas, ko duka biyun. A watan Disambar 2022 hukumar ta ce ba za ta ƙara fitar da bayani ba sai an sami sabon ilimi mai ƙwari, domin rahotannin kaɗai ba su isa su tabbatar cewa abincin ne ya haddasa ciwon ba.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne, zargin ya fi karkata ga abin da aka cike gurbin hatsin da shi, wato garin wake mai yawa, fiye da rashin hatsin kansa. Kuma karnukan da aka kai rahotonsu sun yi watanni ko shekaru suna cin wannan abinci a matsayin abincinsu na yau da kullum. Biskit biyu ko uku a rana wani lissafi ne dabam. Saboda haka gasa biskit marar hatsi ba ganganci ba ne, matuƙar babban abincin karen cikakke ne. Inda zan ja maka kunne shi ne idan abincin da yake ci safe da yamma ma marar hatsi ne mai yawan wake: kada ka ƙara masa biskit na garin wake a kai, kuma ka tattauna da likitan dabbobi ko akwai dalilin ci gaba da wannan abincin. Idan ka ga kare yana saurin gajiya, yana tari, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, ko ya yanke jiki ya faɗi, kai shi asibiti ya zama dole ko da me yake ci.

Tambaya ta uku ita ce wadda aka fi aiko mini: "Wane gari zan saya a madadin fulawa, kuma yaya ake haɗawa?"

Kowane gari yana da halinsa, kuma wanda ya ɗauki ma'aunin fulawa ya ɗora wa waninta zai sha mamaki. Garin kwakwa shi ne ya fi shahara. Yana da dusa sosai, kuma yana shan ruwa fiye da kima, shi ya sa kimanin rubu'in kofinsa yake tsayawa a madadin kofi guda na fulawa. Ba shi da danƙo ko kaɗan, don haka sai da ƙwai yake haɗuwa, kuma idan aka yawaita shi biskit ɗin zai riƙa marmashewa a hannu, karen ma yana iya samun kumburin ciki. Sitacin rogo, wanda ake sayarwa da sunan tafiyoka, kishiyarsa ne: kusan ba shi da wani sinadarin gina jiki, amma yana ɗaure kwaɓi kuma yana sa biskit ya yi ƙaras-ƙaras. A sayi wanda aka sarrafa aka tsabtace, domin ɗanyen rogo yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama guba idan ba a jiƙa shi an busar yadda ya dace ba. Garin almon yana da daɗin aiki, sai dai kitsensa ya yi yawa, ga tsada, kuma ban ga abin da zai ba kare wanda mai araha ba zai ba shi ba. Garin wani irin wake mai zagaye da ake kira cikfi (chickpea) yana murzuwa kusan kamar fulawa kuma yana da furotin, amma shi ne dangin abin da muka yi magana a kai a sama, don haka a taƙaita shi.

Haɗin da na fi ba da shawara shi ne na kwakwa da tafiyoka, tare da dafaffiyar kabewa ko dankalin da aka dama. A sami kofi guda na kabewar, ƙwai biyu, babban cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda ba a saka mata komai ba, rabin kofin garin kwakwa, da rubu'in kofin tafiyoka. A fara haɗa masu ruwan, sannan a zuba garin, a bar kwaɓin ya huta minti 10 kafin a yanke hukuncin ko ya yi ruwa, domin garin kwakwa a hankali yake shanyewa. Idan har yanzu yana manne wa hannu, a ƙara garin cokali-cokali. A murza shi tsakanin takardun gashi biyu har kaurinsa ya kai kimanin rabin santimita, a yanka ƙanana, a gasa a oben mai zafin digiri 175 na ma'aunin Selshiyos na minti 20 zuwa 25, har gefunan su yi ja. Ba a buƙatar sukari, ba a buƙatar gishiri, ba a buƙatar yis. Kare da hanci yake zaɓen abinci, kuma ƙamshin gyaɗa ko na ɗan kifin gwangwani wanda aka adana a ruwa ya ishe shi. Wanda yake son amfani da hanta yana iya markaɗa kaɗan ya saka a madadin gyaɗar, amma kada ta zama ta kullum, saboda yawan bitamin A da ke cikinta yana taruwa a jiki.

A kan markaɗaɗɗiyar gyaɗa zan ɗan tsaya, domin a nan haɗari mafi girma yake. Wasu kamfanoni suna saka wa tasu wani abin zaƙi da ake kira zailitol, musamman waɗanda aka rubuta musu ‘babu sukari’, kuma a wasu kwalabe ana rubuta shi da sunan sukarin itacen bac (birch sugar). Ga mutum ba shi da wata illa ta a-zo-a-gani. Ga kare kuwa yana sa jiki ya saki insulin mai yawa nan take, sukarin jini ya faɗi cikin ƙasa da awa guda, kuma idan ya ci da yawa hantarsa tana iya lalacewa. Kimanin kashi ɗaya cikin goma na giram a kan kowane kilo na nauyin kare ya isa ya jawo matsala. Saboda haka a karanta jerin abubuwan da ke jikin kwalba duk lokacin da za a saya, ko da irin wadda aka saba saye ce, domin kamfanoni suna sauya haɗinsu. Wanda zai markaɗa gyaɗarsa da kansa ya tsince duk wadda ta yi funfuna ko ta sauya launi, saboda gubar afalatoksin tana kama hantar kare da sauri kuma zafin oben ba ya kashe ta.

Sauran abubuwan da ba sa shiga kwaɓin kare sun haɗa da cakulan da garin koko, inabi ɗanye ko busasshe wanda ke iya kashe ƙoda, albasa da tafarnuwa ko da garinsu ne domin suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, gyaɗar makadamiya, da gyaɗar ƙamshi. Na ambaci garin albasa musamman saboda yakan ɓuya a cikin romon gwangwani da dunƙulen ɗanɗano, waɗanda mutane sukan zuba don biskit ya yi ƙamshi.

Wata mai karatu ta yi tambaya gajera: "Guda nawa zan ba shi a rana?"

Ƙa'idar da likitocin dabbobi suke bi ita ce kada kayan ƙwalama su wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da kare yake buƙata a rana. Kare baligi mai kilo 10 yana buƙatar wajen kalori 600, ke nan rabonsa na biskit bai wuce kalori 60 ba. Haɗin da na bayar a sama yana ɗauke da kalori kimanin 750 gaba ɗaya. Idan kika yanka shi gida 40, kowane guda bai kai kalori 20 ba, don haka uku sun ishe shi. Babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa shi kaɗai ya kusa kalori 100, abin da ke nuna yadda lissafin yake saurin ƙwacewa. Idan horo kike ba shi, ki kakkarya biskit ɗin ƙanana, domin yawan karɓa ne yake faranta wa kare rai fiye da girman abin da ya karɓa. Karen da ya taɓa yin kumburin fankiriyas kuwa, wato gaɓar ciki mai samar da insulin da sinadaran narka abinci, ko mai ƙiba, a cire masa gyaɗar gaba ɗaya a bar kabewa da ƙwai.

Wani kuma ya ce karensa yana yawan sosa jiki da lasar tafin ƙafa, yana tambaya ko biskit marar hatsi zai magance masa.

Malam, da wuya. Ƙuma da ƙurar muhalli sun fi abinci jawo ƙaiƙayi, kuma ko da abincin ne, ka ga cewa nama da madara da kaza sun fi alkama laifi. Hanyar da ake tabbatarwa ita ce likita ya ɗora karen a kan abinci na musamman na kimanin mako 8, sannan a dawo da tsohon a ga ko ƙaiƙayin zai dawo. A tsawon wannan lokaci biskit guda mai ƙwai ko gyaɗa yana iya ɓata gwajin baki ɗaya, don haka ka dakata da gashin har sai an san abin da ake gudu.

Tambaya ta ƙarshe daga wata mai karatu ce da biskit ɗinta ya yi funfuna bayan kwana kaɗan a cikin kwalba.

Malama, laima ce ta rage a cikinsa. Biskit ɗin kanti yana daɗewa ne saboda an busar da shi sosai kuma an saka masa sinadaran hana lalacewa, naki kuwa kabewa da ƙwai ne a ciki. Bayan ya gasu, ki rage zafin oben zuwa wajen digiri 95, ki bar shi ciki na awa ɗaya ko fiye, har sai kin karya guda ya yi ƙara kuma tsakiyarsa ta bushe. Ki bari ya huce sarai a kan raga kafin ki rufe shi, domin tururin da ya rage shi ne yake komawa ruwa a jikin kwalba. Mai laushi ya zauna a firji, a cinye shi cikin mako guda. Abin da ya wuce buƙatar mako ki raba shi ƙananan ƙulli ki saka a firiza, inda zai kai wata uku, ki riƙa ciro ƙulli ɗaya idan na baya ya ƙare. Kwalbar da kika ga funfuna a cikinta kuwa ki zubar da duk abin da ke ciki, har waɗanda suke kama da masu kyau, sannan ki wanke ta da ruwan zafi ki shanya kafin ki sake amfani da ita.