Amsa ga Anti kan rawar hannun Baba

Salamu alaikum. Anti, na ji saƙonki, wai hannun Baba na rawa, ko tsufa ne ko jifa, har kina tambaya ko a ware masa kofi. Don Allah a bar masa kofinsa. Ko da Fakinsan ne, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki, ba a ɗaukarsa.

Ki lura da shi in yana zaune bai komai. Babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi? In ya miƙa hannu zai ɗauki abu sai ta lafa? Haka na Kawu ya fara. Kuma ba kowa ke rawar ba ma, wani nauyin jiki ne kawai da sandarewa, yana jan ƙafa, murya ta yi ƙasa.

Kawu fa shekara 2 muna yawon masu magani. Saboda me? Yana zuwa bakin ƙofa sai ƙafa ta kafe, ya kasa tsallakawa, aka ce ai asiri aka binne a wurin. Aka farfasa mana siminti, Anti! Ba a samu komai ba, rago ya tafi, har yau gurbin na nan. Ga 'yan unguwa na cewa ya yi girman kai, ba ya fara'a. Mutumin da ciwo ya ɗaure wa fuska! Wannan har gobe tana ci mini rai.

To bar wannan. Asalin ciwon, wani sinadari ne, dofamin, ƙwayoyin da ke samar da shi a ƙwaƙwalwa ke mutuwa a hankali. Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa, wannan kuwa rarrafowa yake. Tun 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana shi. Masu cewa na tsofaffi ne kaɗai, Muhammad Ali ɗan dambe yana da shekara 42 aka gano nasa a 1984, ya rayu har 2016.

Magani akwai, Levodopa, yana warkar... a'a, kar in yi ƙarya, ba ya warkarwa, sauƙi yake kawowa, amma sosai. Kawu ya koma saka maɓallin rigarsa da kansa. Sai dai a sha kan lokaci, kuma kar a kwantar da mai ciwon, ya riƙa takawa.

Ki kai Baba asibitin koyarwa, wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ba kyamis ba. Ki tafi da duk magungunan da yake sha, don wasu ma na jawo rawar. Addu'a kuma a ci gaba. Au, ki ɗauki bidiyon hannun, don wani lokaci gaban likita sai ta ƙi fitowa.