Na kasa kalmomin Faransanci gida-gida a littafina, me ya sa suke rikice mini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina zuwa Kwatano sarin kaya, shi ya sa na fara koyon Faransanci. Na sayi littafin rubutu na kasa shi gida-gida: shafin gaɓoɓin jiki, shafin launuka, shafin 'ya'yan itatuwa, shafin ranakun mako. Da daddare nakan haddace, amma in na zo magana sai su cakuɗe, in ce Talata a wurin Laraba. Tsarin ne bai yi ba, ko kaina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kanka lafiyarsa ƙalau. Kasa kalmomi bisa jigo ma dabara ce mai tarihi: Al-Asma'i na Basra ya keɓe wa raƙuma littafi, ya keɓe wa dawaki wani, Ibn Sida na Andalus kuma, wanda ya rasu a 1066, ya jera ƙamusunsa babi-babi bisa ma'ana. Sai dai waɗannan malamai sun rubuta ne domin wanda ya riga ya ji Larabci yake neman kalmar da ta fi dacewa. Kai kuwa yanzu kake shigowa, bukatarka daban ce.

Ga inda matsalar take. Kalmomin da ka tara a shafi ɗaya duk dangin juna ne: duka sunaye ne, wuri ɗaya suke zama a jimla, amsar tambaya ɗaya suke bayarwa. Idan ka zo neman Laraba, mardi da mercredi suna tsaye a ƙofa tare, harafin farkonsu ɗaya, ƙarshensu ɗaya, dare ɗaya ka koye su, don haka ƙwaƙwalwa ba ta da alamar da za ta bambanta su. Haka le cou da le coude, wuya da gwiwar hannu. Haka gauche da droite: mutum ya san ɗaya hagu ce ɗaya dama, amma wace ce wace?

An gwada wannan. Wani mai bincike, Thomas Tinkham, ya nuna a 1993 cewa masu koyo sun fi daɗewa kafin su riƙe jerin kalmomi 'yan gida ɗaya, kamar sunayen tufafi ko 'ya'yan itatuwa, fiye da jerin da ba ruwan kalmominsa da juna. Robert Waring ya maimaita gwajin a Japan a 1997, ya sami abu ɗaya. A 1997 ɗin kuma Tinkham ya ƙara wani abu da ya fi amfani gare ka: kalmomin da wani yanayi ya haɗa, kamar kwaɗo, tafki, tsalle, santsi, kore, sun fi sauƙin shiga kai. Binciken da ya biyo baya bai haɗu a kan girman illar ba, musamman ga wanda ya yi nisa, amma ga ɗan koyo ni dai ban ga dalilin ɗora wa kai wannan wahala ba.

Saboda haka ka sauya ma'anar jigo a littafinka. Kan shafi ya zama wuri da abin da ke faruwa a wurin. Ka rubuta "ciniki a kasuwar Dantokpa ta Kwatano", sannan ka bi cinikin daki-daki yadda kake yin sa. Ka tambayi kuɗi: c'est combien? An faɗa, ka ce ya yi tsada: c'est trop cher. Ka nemi ragi: diminuez un peu. Ka ce sari kake so: en gros. Ka nemi farashin ƙarshe: le dernier prix. Ka biya, payer, ka karɓi canji, la monnaie, ka nemi rasit, le reçu. Duba yadda shafin ya haɗa suna da aikatau da sifa da cikakkiyar jimla, kowace tana jawo ta gabanta, ba mai ture wata. Shafi na gaba ya zama iyakar Seme: la frontière, iyaka; la douane, kwastan; le douanier, jami'in kwastan; déclarer, bayyana kaya; la facture, takardar kuɗin kaya; une amende, wato tara. Sai tashar mota, masauki, wurin canjin kuɗi, kantin magani. Launuka su shigo ta hanyar kaya, un tissu bleu, shuɗin yadi, yau a shafin yadi, ja ya jira wani makon. Sunan 'ya'yan itacen da ba ka taɓa saya ba kuwa, bar shi tukuna.

Kishiyoyi ka raba musu rana. Acheter, saye, ya zauna sosai kafin vendre, sayarwa, ya shigo. Ranaku ma haka: ka fara da vendredi, ka ɗaure ta da sallar Juma'a, sai ranar da ka saba tashi daga Kano, sauran su biyo a hankali.

Kada ka rubuta suna shi kaɗai, ka haɗa shi da le ko la. Mu Hausawa mun saba da namiji da mace a kalmomi, wannan gata ne, amma jinsin ba ya zuwa daidai: rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji ne, wata namiji ne, la lune mace ce. Kuma tunda rubutun Faransanci ya yi nisa da furucinsa, ka ajiye gefen shafi ka rubuta yadda kunnenka ya ji da harufan Hausa, douane ka sa "duwan".

Tsari mai kyau bai isa ba sai da bita. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko take aukuwa. Don haka abin da ka rubuta yau ka waiwaye shi gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, kana ƙara tazara. Ka rufe gefen Faransancin da hannu, ka dubi Hausar, ka faɗa da baki kafin ka buɗe. Kuma a lokacin bita ka gauraya shafuka, domin jami'in kwastan ba zai bi jerin littafinka ba. In kana son waya ta riƙe maka lissafin ranakun, manhajar Anki aikinta ke nan.

Lambobi su ne abin da ba za ka iya jinkirtawa ba, tunda a kansu dukiyarka take. Ka kula da 75, soixante-quinze, wato sittin da sha biyar, da 95, quatre-vingt-quinze, wato ashirin sau huɗu da sha biyar. Ka yi atisayensu da farashin kayan shagonka, kuma kafin kunnenka ya saba, duk kuɗin da aka faɗa maka a kasuwa ka miƙa waya a danna maka shi ka gani.

Tsohon littafinka kada ka yar. Nan da 'yan watanni, idan ka riga ka san rabin kalmomin kowane shafi daga wurare dabam-dabam, jera su gida ɗaya zai nuna maka waɗanda suka rage, sai ka cike gurbin ɗaya bayan ɗaya.