Kan mai tambayar ko ya bar Sakkwatancinsa

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka zo karatu Kano ake yi maka dariya in ka buɗe baki, wasu har suna cewa maganarka kamar ta mai faɗa, shi ne kake tunanin ko ka sauya harshe. Ni dai ban ba ka shawarar haka ba.

Abin da kunnen Bakano ke tsinta bai wuce 'yan abubuwa ba. Kana cewa "shina zuwa" shi yana cewa "yana zuwa", kana "zamna" yana "zauna", kana "hwari" yana "fari", kana "wanga" yana "wannan". Ga kuma nannage baƙaƙe, irin su "mallam" maimakon "malam". Wannan nannagewar ce ke sa magana ta fito da nauyi, wanda bai saba ba sai ya ɗauka zafin rai ne. Babu kuskure a ciki ko ɗaya. An dai gina daidaitacciyar Hausa galibi kan Kananci, ita ake ji a rediyo, ita ce a littattafan makaranta, shi ya sa wasu ke ganin sauran kare-karen harshe kamar kauce wa hanya ne. Masana kuwa sun nuna cewa Hausar yamma, wadda Sakkwatanci ke cikinta, ta fi riƙe tsofaffin siffofin harshen. Kuma da ita Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙa, har gobe Kanawa na sauraro.

Abin da zan ce ka gyara shi ne sauri. Ka sassauta, musamman gaban malamai ko a waya. Ka kuma koyi daidaitacciyar don rubutu da jarrabawa, za ta yi maka amfani. Masu dariyar, yawancinsu kafin zango ya ƙare kunnensu zai saba.