Hukuncin aiki a gonar tsofaffin kurangar inabi idan giya ake yi da amfaninta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina aikin gona a ƙasar da ba ta Musulmi ba. Wasu iyali masu ƙaramar gonar inabi sun ɗauke ni aiki, kurangarsu ta haura shekara 80, kakansu ne ya dasa. Aikina datse rassa lokacin sanyi, gyaran gindi, da tsinkar inabi lokacin girbi. Duk abin da aka tsinka a nan gidan ake matse shi a yi giya, amma kwalabe kaɗan ne a shekara, ba kamfani ba ne. Ni ba na sha, ba na shiga ɗakin ganguna. Maigidan ya ce aikina raya tsofaffin itatuwa ne da za su mutu in ba a kula da su ba. Ya halatta in ci gaba? Kuɗin da na riga na karɓa fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan aiki bai halatta gare ka ba a wajen mafi yawan malamai, kuma shi ne abin da nake ba da fatawa da shi.

Kurangar inabi ba ta da laifi. Allah ya lissafa inabi cikin ni'imominsa a wurare da dama a Alƙur'ani. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, da ya zo raba hanyoyin da ke kai wa ga haram a littafinsa Al-Furuƙ, ya kawo noman inabi a matsayin misalin abin da aka yi ijma'i ba a hana shi, ya ce babu wanda ya taɓa cewa a daina dasa inabi don tsoron giya. Manomin da ya kai inabinsa kasuwa bai san wanda zai ci da wanda zai busar ya yi zabibi ba, cinikinsa halal ne, ba a kuma ɗora masa bin diddigin masu saye. Abin da ke juya hukuncin shi ne sani, kai kuwa da bakinka ka ce a cikin gidan ake matsewa.

Tsufan itatuwan da maigidanka ya kafa hujja da shi ma ƙara tabbatar da sanin yake yi. Kuranga idan ta manyanta 'ya'yanta raguwa suke yi, saiwarta ta nutsa ƙasa, ƙwayoyin su fito ƙanana masu kaurin ɓawo da ƙarfin ɗanɗano. Mai neman cika kwando ba ya riƙe irin wannan, tuge ta yake yi ya dasa sabuwa. Wanda ke riƙe ta shi ne mai yin giyar da zai rubuta shekarun itacen a jikin kwalba ya tsawwala kuɗi. Harkar ma har tsari gare ta. A kwarin Barossa na ƙasar Ostireliya, inda akwai kurangar da aka dasa tun 1843 kuma tana ba da 'ya'ya har yau, sun kasa tsofaffin kurangu gida huɗu: mai shekara 35, da 70, da 100, da 125. A Afirka ta Kudu ma daga shekara 35 ake ba gona shaidar tsufa, a manna hatimi mai ɗauke da shekarar dashe a kwalba. Abin da ya sa tsofaffin kurangu suke da wuyar samu a Turai shi ne ƙwaron filoksera da ya ɓulla a kudancin Faransa wajen 1863 ya cinye saiwar gonaki, har sai da aka koma aurar da inabin Turai a kan gindin na Amurka. Ga shi kuma galibin irin da ke waɗannan gonaki ba na ci ba ne, cike yake da iri, ba ya jure tafiya zuwa kasuwa. Almakashin da ka sa a reshe cikin sanyi, kwalba yake wa hidima.

Allah yana cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 90, giya ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, ku nisance ta. Umarnin na nisanta ne, ya fi faɗin hana sha. A aya ta 2 ta surar kuma ya hana taimakekeniya a kan zunubi. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma game da giya: mai matsawa, da wanda aka matsa dominsa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka ɗauko wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Mutum ɗaya ne kawai a cikinsu ya kai ta baki. Dubi mai matsawa: lokacin da yake matsar, abin da ke gangarowa ruwan inabi ne mai zaƙi, yaro ma zai sha, bai zama giya ba tukuna. An la'ance shi ne saboda abin da aka nufa da ruwan. Wanda ya tsinko ya cika akwati ya kai bakin matsewa taku ɗaya ne tsakaninsu. Ibn Ƙudama ya kawo a Al-Mugni cewa wakilin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya sanar da shi wani inabi a gonarsa ba ya yin zabibi, ba ya kuma sayuwa sai ga masu matsewa. Sa'ad ya sa aka tuge shi, ya ce tir da ni a matsayin dattijo in na sayar da giya. Irin gonar da kake ciki ke nan.

Ƙanƙantar wurin ba ta shiga hisabi. Lokacin da aka saukar da haramcin a Madina babu kamfani ko ɗaya, a gida ake jiƙawa cikin tuluna, kuma su aka zubar a kan hanya. Abu Ɗalha ya tambayi Annabi game da giyar da wasu marayu suka gada, Annabi ya ce a zubar, Abu Ɗalha ya ce ko in mayar da ita khal, Annabi ya ce a'a. Dukiyar maraya ma ba a yi mata rangwame ba, balle gadon kakan maigidanka. Ban raina ƙwazon mutanen nan ba, wanda ya riƙe itace shekara 80 ya san aikinsa, kuma ba ka da hurumin hana su abin da suke yi a ƙasarsu. Tambayar dai a kan hannunka ce da guminka.

Akwai saɓani, kuma amana ce in faɗa maka. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa halaccin sayar da ruwan inabi ga wanda zai mayar da shi giya, don saɓon ba a jikin abin yake ba, sai bayan wani ya canza shi da zaɓinsa. Almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa a karɓar lada kan ɗaukar giya. Malikiyya da Hanabila sun haramta sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi, Hanabila har suka ce cinikin ɓatacce ne. Shafi'iyya sun haramta in an tabbatar, suka karhanta in zargi ne kawai. Maganar jumhur ta fi ƙarfi a wajena saboda hadisin mai matsawa. Amfanin saɓanin a gare ka shi ne ayyukan ba darajarsu ɗaya ba: datse rassa da gyaran gindi sun fi nisa da giya, tsinka da dako sun fi kusa, matsewa da ɗurawa kuwa suna cikin nassi kai tsaye.

Saboda haka ka fara neman wani aiki daga yau. Hannun da ya iya datse kuranga ana nemansa a gonakin inabin ci da na zabibi, da na zaitun da tuffa da lemo, kuma duk halal ne. In kana da abin da za ka ci, ka sanar da maigidan cikin mutunci ka tafi, kada ka gudu ka bar shi tsakiyar aiki ba sallama. In kuwa barin nan take zai jefa ka cikin yunwa ko rashin matsuguni ko ya ɓata maka takardun zama, ka zauna gwargwadon larura, ka tsaya a kan datsewa da gyaran ƙasa, ka nemi a ɗauke maka girbi, kana nema da gaske. Kyawun albashi ba larura ba ne.

Kuɗin da ka karɓa kafin ka san hukunci naka ne, bisa faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 275, cewa wanda wa'azi ya zo masa ya hanu, abin da ya wuce nasa ne. In kuwa ka sani ka ci gaba, ka tuba, abin da ya rage a hannunka na ladan girbi da dako ka ba mabuƙata, ba a mayar wa maigidan tunda ya riga ya amfana da aikin. In kai kanka mabuƙaci ne, ka ɗauki abin da zai riƙe ka har ka samu wani aikin.

Wallahu a'alam.