Yadda za ka nuna mahalarta taron bidiyo a ɗakin 3D

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka nuna mahalarta taron bidiyo a cikin ɗakin 3D (ɗakin da kwamfuta ke zanawa mai tsawo da faɗi da zurfi) ba tare da hoto ya riƙa sarƙewa ba. Ni dai shawarata ka fara da mafi sauƙi: ɗora bidiyon kowa a kan allo shimfiɗaɗɗe mai juyowa ya fuskanci mai kallo, manhaja kuma ta goge abin da ke bayansa. Wannan ba ya wahalar da kwamfuta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne yawan bidiyoyi. Mutum 20, kowa da cikakken inganci, tabarau na VR (wanda ake sawa a fuska a ga kamar ana cikin ɗakin) ba zai iya ɗauka ba, alhali yana buƙatar hoto 72 zuwa 90 a daƙiƙa, in ya gaza haka jiri ya kama mutum. Shi ya sa a WebRTC, wato fasahar aika murya da bidiyo kai tsaye ta intanet, kowa kan aika bidiyonsa a matakan inganci biyu ko uku, sabar, wato kwamfutar da ke rarraba bidiyoyin, ta turo maka mai kyau na wanda ke kusa da kai, mai rauni na wanda ke nesa.

Kyamarar auna zurfi tana fitar da siffar mutum sosai, sai dai cin data gare ta, ka bar ta tukuna. Jinkirin murya kuwa, don Allah kada ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), domin daga nan mutane ke fara katse wa juna magana.