Me ya sa Cathy ta Angels of Death take jin kanta haka?

Malam, ka tambayi dalilin girman kan Cathy ta Angels of Death, wasan bidiyo da aka mayar da shi zane mai motsi (anime). Ai ita ce ke riƙe da hawa na B3 a ƙarƙashin ginin da labarin ke faruwa a ciki, kuma tsohuwar ma'aikaciyar gidan yari ce, shi ya sa take ganin kowa mai laifi ne, ita kaɗai ce mai yanke hukunci. Dubi yadda take zaune a ɗakinta tana kallon Zack da Rachel, taurarin labarin da ke neman fita daga ginin, ta allo, tana tura su kujerar lantarki da ɗakin iskar guba, tana ƙyalƙyala dariya. Wasan ya fito a Japan a 2015, zanen kuma 2018. Ni dai na fi jin haushinta a zanen, saboda muryar nan tata. Tana saukowa gabansu kuwa Rachel ta harbe ta.