Tambaya da amsa: Zan iya ɗora Pulseq a injin IRM na asibitinmu?

Tambaya: Salam Malam. Ni ma'aikacin ɗakin hoto ne a Garwa, IRM ɗinmu, wato injin MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, na cin lokaci, layi kullum har waje. Wani ya ce min akwai manhaja kyauta, Pulseq, mutum ya tsara jerin bugun da injin ke bi wajen ɗaukar hoto ya sa a filashi ya ɗora. Tsorona kar injin ya lalace a ce ni ne.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Pulseq gaskiya ce, daga asibitin jami'ar Freiburg ta Jamus ta fito, an wallafa bayaninta a 2017, ana rubuta ta da yaren kwamfuta na MATLAB ko na Python ta hanyar PyPulseq. Fayil take ba ka mai lissafin bugun rediyo da gradiyen (sauyin ƙarfin maganaɗisu daga wuri zuwa wuri a cikin injin) da lokacin karɓar sigina. Amma injin ba ya jin yaren fayil ɗin sai da manhajar tafinta, a injin kamfanin Siemens kuwa ba a samun ta sai da yarjejeniyar bincike, masu injin kamfanin GE suna da tafinta mai suna TOPPE ta jami'ar Michigan. To ka ga filashi kaɗai ba ta kai ka ko'ina.

Abin da ya dame ni kai injin kake ji wa tsoro, ba wanda ke kwance a ciki ba. Kullum sai na ji wani ya ce ai IRM ba radiyeshan, ba ta cutarwa, wallahi maganar nan ta ishe ni. Bugun rediyo dumama nama yake! Shi ya sa aka yi iyaka, wat 2 a kowane kilo na jiki a yanayin da aka saba, wat 4 kuwa sai da sa idon likita. Kai da kake son sauri za ka matse lokaci ka cusa bugun digiri 180 a jere, zafin nan da nan zai haura, in ka ninka ƙarfin bugu sau 2 zafi sau 4 yake ninkuwa. Kuma lissafin injin ya dogara da nauyin da ka shigar, na sha ganin ma'aikaci ya dubi tsohuwa da ido kawai ya buga kilo 70, alhali ga sikeli nan a bakin ƙofa ƙura ta rufe shi. Ga majinyaci da zazzaɓi, ya shigo daga ranar Afirilu jiki sharkaf da gumi, cinyoyi a manne, laya a damtse ba wanda ya tambayi abin da aka ɗinke cikin fatar layar, ko ƙarfe ne. Haka ƙuna ke samuwa. Gradiyen ma in ya cika sauri sai jijiya ta riƙa fizga.

In koyo kake so, sauke PyPulseq da KomaMRI, manhajar da ke kwaikwayon injin IRM, a kwamfutarka ka gwada iya son ranka, ba mai ƙonewa. Ranar da aka samu izinin kamfani, a fara gwaji da robar ruwa, gwaji a kan mutum kuwa sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu.

Maganar layi kuwa, zauna da likitan hotonku ku duba furotokol, wato tsarin jerin hotunan da injin ya zo da shi, ku cire jerin da ba a karantawa.